Bargon Aro

SHAFI NA 23

Masu cewa shafin baya ya yi gajere, ku karanta abin da aka ba ku.

Tun da Baba Igiya ya fara riƙe cokalin gini, ba a taɓa kiransa ya zo ya ga aibi a aikinsa ba. Shi yake kiran mutane su zo su ga nasu. Yau kuwa 'yarsa ce ta aiko, wai ya same ta a jerin farko na azuzuwan makarantar da kamfaninsa ya gama, kuma ya zo shi kaɗai.

Auta ke nan, wadda leburori suke kira Injiniya. Ita ce ta zauna jarrabawar masu kula da ginin da ba ya ɓarnar wuta da ruwa. Ta faɗi, ta sake zama, ta ci, aka ba ta lamba da hatimi. Albarkacin hatimin nan kamfanin ya sami aikin, don masu makarantar sun ce ba su karɓar mukulli sai ginin ya sami takardar shaida. Mai duba gini daga wurin masu ba da takardar kuwa yau ya ce zai zo.

Ya tarar da ita zaune a kan bokitin fenti da aka kife. Ƙura ta yi mata fari a gira. A bayanta tsani ne a jingine, a samansa an ɗage allon silin ɗaya.

"Ga ni."

"Sannu da zuwa, Baba. Ka tsaya nan tsakiyar ajin."

"In yi me?"

"Ka tsaya kawai."

Ya tsaya, hannuwa a baya. Bango a miƙe yake, ya san haka don shi da kansa ya saki igiyarsa a kowace kusurwa. Daɓe ba tudu ba kwari. Ya duba ko'ina bai ga abin kunya ba. Sai ya ji gumi ya tsattsafo masa daga ƙeya yana bin tsakiyar baya.

"Ka ji zafin?" ta ce.

"Rana ce. Ba ni na rataya ta ba."

"Jiya ka shiga jeri na uku da rana tsaka, ka ce kamar gindin bishiya."

Ya kalli tsanin.

"Hau ka gani, Baba. In ni na faɗa, za ka ce takarda ce take magana."

Gwiwoyinsa sun daɗe da daina shiri da tsani, amma bai yarda ta riƙe masa ba. Ya hau, ya cusa kai cikin ramin. Zafi ya mare shi kamar ya leƙa tanderun burodi.

Tsakanin kwano da silin ya kamata a ga bargo, wato abin nan mai kaurin katifa da ake shimfiɗawa ya tare zafin rana, don kada yara su dahu a aji, kada kuma a wuni ana ƙona wuta wajen sanyaya ɗaki. Babu shi. Katako ne tsirara, sai kwano. A jikin wata ƙusa ɗan guntunsa ya maƙale, kamar gashin akuya a jikin ƙaya.

Ya sauko a hankali.

"An shimfiɗa shi. Da idona na gani."

"Ni ma na gani. Na auna kaurinsa, na ɗauki hoto."

"To ɓera ne ya cinye?"

"Na hau jeri na biyu da safe. Babu. Na uku kaɗai ke da shi."

Tsohon ya kaɗe ƙurar hannunsa.

"Kira min Kafinta."

Kafinta ya shigo yana murza hula. A hannun Baba Igiya ya tsufa, tare suka yi furfura. Da ya hangi ramin silin sai ya toge a bakin ƙofa.

"Baba, an wuni lafiya?"

"Ina bargon rufin nan?"

"Wato, ranka ya daɗe..."

"Ban tambaye ka tsawon raina ba."

"Yana jeri na uku."

"Na nan nake tambaya."

"Ai shi ne na nan ɗin. Shi ne kuma na jeri na biyu." Kafinta ya sake murza hular. "Guda ɗaya ne, Baba. Mu shimfiɗa, Injiniya ta zo ta auna, ta ɗauki hotonta. Tana ba da baya mu naɗe, mu rufe silin, mu kai gaba. Bargon nan ya fi ni sanin lungunan makarantar nan."

Ba wanda ya yi dariya.

"Kullum kai kake riƙe min tsani," in ji Auta.

"Injiniya, wallahi ni..."

"Har kana ce min in yi hankali da ƙusa."

Kafinta ya sunkuyar da kai.

"Wa ya sa ka?" in ji tsohon.

"Ni ɗan aike ne, Baba."

"Wa ya aike ka?"

"Manaja."

"Je ka ce ina kiransa. Kai kuma ka tsaya a baranda, kada ƙafarka ta bar wurin nan."

Manaja shi ne babban ɗan Baba Igiya, shi yake riƙe da ofis da sayen kaya. Ya shigo waya a kunne, takalminsa ba ɗigon ƙura.

"Baba, ga ni. Baƙon ya kusa, ya kamata a share..."

Ya ga tsanin. Ya ga ƙanwarsa. Ya mayar da wayar aljihu.

"Ke kika hau?"

"Ni na hau, Yaya."

"Wa ya aike ki?"

"Aikina ke nan."

"Aikinki." Ya yi wani murmushi da bai kai ido ba.

"Ni za ka kalla," in ji uban. "Ina sauran bargon?"

"Mai kawowa ya ce sai an jira. Masu makaranta suka ce ba su jira, yara sun kusa dawowa daga hutu. Na jeri ɗaya ne a ƙasa. Na yi abin da zan iya da shi."

"Sauran fa?"

"Yana hanya."

"Wace hanya?"

Manaja ya dafa aljihun da wayar take.

"Ni ka yi wa haka. A ginina."

"Me ya sami gininka, Baba? Rodi ya ragu? Siminti ya ragu? Na taɓa wani abu cikin abin da ke riƙe gini? Jikokin jikokinmu za su tarar da shi a tsaye."

"Ka yi ha'inci."

"Kai ka ba ni izini."

Tsohon ya juyo ya fuskance shi.

"Maimaita."

"Ranar da Auta ta kawo guntun bargon gida don ka gani, muna cin abinci. Ka ɗaga shi da yatsa biyu, ka ce gini ba jariri ba ne da za a lulluɓe shi da bargo. Ka ce ka yi gine-gine tun ba a haifi masu wannan takardar ba, kuma ba ko ɗaya da ya yi mura. Kowa ya yi dariya. Ita kaɗai ba ta yi ba."

Ya tuna. Ya tuna har yadda ta naɗe abin ta mayar jaka, ta tashi ba ta ƙarasa abincinta ba.

"Ba'a na yi."

"Kai ba ka ba'a, Baba. Tun muna yara ba mu taɓa jin ka yi ba. Abin da ka raina, mu ma mu raina shi. Haka ka rene mu."

Magana zarar bunu ce.

Auta ta miƙe daga kan bokitin.

"Kada ka laɓe a bayan Baba, Yaya. Ba don maganarsa ka yi ba. Kuma ba ni na kayar da kai a jarrabawa ba."

"Wace jarrabawa?" in ji uban.

Manaja ya kalle ta kamar zai haɗiye ta.

"Na gan shi a layin shiga, karo na biyu da na je. Ya yi kamar bai gan ni ba, ni ma na yi kamar ban gan shi ba. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Inna."

"Ai ga shi kin faɗa."

"Ka zauna jarrabawar nan?" Tsohon ya matso. "Kai da kake ce mata wasan yara?"

"Na zauna. Na sake. Na kuma sake." Manaja ya nuna ƙirjinsa. "Ni da nake sanin nauyin rodi da ido, aka zaunar da ni cikin yara a gaban kwamfuta, ana tambayata yawan iskar da ɗalibi yake shaƙa a aji. Ina cin ƙurar siminti tun wannan tana rarrafe. Takarda ɗaya ta samo, ka fara tafiya taro da ita kana barina a ofis kamar mai gadi. In na bi ku, masu aiki su tashi su gaishe ta, ni su tambaye ni inda za a ajiye mota."

"Da ka ce in koya maka," ta ce.

"Ke? Ni na koya miki ɗaura takalmi."

"Ya isa."

Tsohon ne ya faɗa. Muryar nan ce da take tsayar da injin kwaɓa kankare daga nesa.

"Abin da ya ɓaci gyara shi ake yi. Baƙon nan in ya zo, a ce masa ba mu shirya ba. A sauke silin, a jira bargon, a shimfiɗa. In masu makaranta za su yi fushi, su yi da ni." Ya juya wajen 'yarsa. "Auta, hakan zai yiwu?"

Bai taɓa tambayarta ko abu zai yiwu a gini ba sai yau. Ta lura. Fuskarta ta ɗan saki.

"Zai yiwu, Baba. Zagayen gani ne zai yi yau. Rahoton ƙarshe bai tafi ba. Ban sa hannu ba, ban buga hatimi ba. Muddin ban buga ba, gyara ne kawai."

"To shi ke nan."

Manaja bai ce shi ke nan ba. Daɓe yake kallo.

Uba ya san shirun ɗansa kamar yadda ya san ƙarar bulon da bai bushe ba.

"Kai. Mene ne kuma?"

"Ba zagayen gani ba ne."

"To mene ne?"

"Na ƙarshe ne. Rahoton ya tafi."

Auta ta dafa tsanin.

"Wa ya tura?"

"Makon da kika kwanta zazzaɓi. Jakarki tana ɗakin Inna. Masu makaranta sun matsa min lamba, suna kira safe da yamma, na ga in ban..."

"Hatimina."

"Na mayar inda na ɗauka."

"Sa hannun fa?"

"Sa hannunki ba wuya gare shi."

Ta saki tsanin.

"A makon ne ka kawo min lemo," ta ce. "Ka zauna a bakin gado kana min sannu. Na ce wa Inna, ashe Yaya ya huce."

Manaja ya kawar da kai.

Hannun tsohon ya tashi da kansa. Ya tsaya a iska. Ɗan nasa ya rufe ido yana jira, mutum mai furfura a gemu, yana jiran mari kamar yaro. Hannun ya sauka bai taɓa kowa ba.

"Baba," in ji Auta, "bari in faɗa maka yadda abin yake, don kada gobe a ce ba ka sani ba. Mutumin nan zai ga rufin. Na'ura gare shi mai ganin zafi, ko tsani ba ya bukata. Sannan zai nemi mai hatimi. In na ce ni na sa hannu, za su soke lambata. Ba na wata ba, ba na shekara ba, sokewa ta har abada. Su rubuta sunana inda duk mai neman injiniya zai gani."

"In kika ce ba ke ba ce?"

"To wani ya saci hatimi, ya ƙirƙiri hannu. Wannan ta wuce maganar takarda. Maganar 'yan sanda ce."

"Ki ce kuskure ne," in ji Manaja da sauri. "Ki ce Kafinta ne ya yaudare ki."

"In tura tsoho rami don kai ka fito? Kuma ko na yarda, ba ta fisshe ni. Rahoton ƙarshe rantsuwa ce cewa na hau na gani bayan an rufe silin. Ban hau ba sai yau."

"Ina da 'ya'ya, Auta."

"Ka san da su lokacin da ka buɗe jakata."

Aka ji ƙarar mota a bakin ƙofar makaranta. Mai gadi yana jan ƙyaure.

Auta ta matso kusa da ubanta, ta rage murya.

"Baba, ban ce ka tsaya min ba. Ban ce ka faɗi komai a kansa ba. Ni za a tambaya, ni zan san abin da zan ce. Abu ɗaya nake roƙo. Ka yi shiru."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

"Baba," in ji Manaja.

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Amma da muryar da yake kiransa ya faɗa, lokacin yana ƙarami, in kare ya biyo shi.

Tsohon ya tsaya a tsakiyar ajin, gumi yana bin bayansa. Ya ga ɗansa a bayan motar 'yan sanda, leburori sun ajiye shebur suna kallo. Ya ga surukarsa ta kwaso yara ta zube masa a tsakar gida. Ya ga sunan da ya ɗora bulo kan bulo tun yana saurayi ana karanta shi a kotu. Ita kuwa yarinya ce. Takarda ce za ta rasa. Wanda ya ci jarrabawa ɗaya zai ci wata. Mace ce, ba za ta rasa ɗakin zama ba. Haka ya yi ta jera wa kansa, yana ji a ransa jerin bai miƙe ba. An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ba a faɗi abin da mutum zai yi ba in hannayen biyu ne a ƙarƙashin wuƙa.

Mai duba ya yi sallama ya shigo. Siriri ne mai tabarau, jaka a kafaɗa. Ya wuce kowa ya fara rusuna wa tsohon.

"Baba, ina wuni? Na daɗe ina jin sunanka. Makarantar da na yi ina yaro, an ce kai ka gina ta. Har yau ko tsaga babu."

Da wata rana ce, da Baba Igiya ya faɗa masa zurfin harsashin ginin. Yau kai kawai ya gyaɗa.

Mutumin ya gaishe da Injiniya, ya gaishe da Manaja. Ya share goshi da hankici, ya ɗaga ido ya ga ramin silin. Ya zaro na'urarsa ya nuna sama. Fuskar na'urar ta yi ja kamar garwashi, daga wannan bango zuwa wancan.

Duk da haka ya hau tsanin. Ya daɗe kansa yana ciki. Da ya sauko ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Jeri na biyu ma haka ne?"

"Haka ne," in ji Auta.

"Rahoton da ya iso mana ya ce duka ukun an shimfiɗa, an rufe, an kuma sake hawa an gani." Ya buɗe jaka ya fito da kwafin, ya riƙe shi yadda kowa zai gani. "Injiniya, sabuwa ce ke a wannan aiki, don haka zan faɗa miki tun yanzu. Abin da za ki ce yana da nauyi. Ina da abin naɗar magana, amma ba na kunna shi sai mai magana ya yarda. Tambayar farko ba ta bukatarsa." Ya sa yatsa a ƙasan takardar. "Wannan hatimin da wannan hannun, na wa ne?"

Auta ta ja numfashi.

"Nata ne."

Baba Igiya ne. Bai ɗaga murya ba. Bango yake kallo.

"Baba, ita nake tambaya."

"Na ce nata ne. A gabana ta buga."

Aka ji Manaja ya saki numfashi. A baranda, Kafinta ya ce innalillahi a hankali.

Auta ba ta yi kuka ba. Ta juyo gaba ɗaya ta fuskanci ubanta, ta yi masa irin kallon da shi kansa yake yi wa bangon da ya karkace kafin ya sa a rushe. Ya so ya riƙe idonta. Ya kasa.

"Injiniya," in ji mai duba, "haka ne?"

"Kunna abin naɗar maganar, yallaɓai."

"Kin tabbata?"

"Kunna."

"Auta," in ji tsohon.

"Ka riga ka yi magana, mai kamfani."

Mai duba ya danna. Wata 'yar jar fitila ta kama.

"Sunanki da lambarki," ya ce.

"Zan faɗa. Amma akwai shaida a ɗakin nan, kuma ya girme ni, shi ya kamata ya fara."

Ta karɓi na'urar daga hannun mutumin. Ta taka har gaban ubanta, ta ɗaga ta daidai bakinsa.

"Ka ce a gabanka na buga. Maimaita."